Likita ya ce a rage mai, Hajja ta ce rowa ce

Assalamu alaikum Goggo. Daga unguwar Hausare nake rubuto miki, a nan Garwa. Shekarata 21 da aure, ni ce uwargida, gida ɗaya muke da amarya da mahaifiyar maigidan, Hajja. Mu 11 ne a tukunya har da yara. Maigidan ɗan kasuwa ne mai shagon atamfa, shekararsa 49. Wata biyu da suka wuce jiri ya ɗebe shi a shago, na raka shi asibiti, aka ce jininsa ya hau, gwaji kuma ya nuna kwalastarol ya yi masa yawa. Likita ya rubuta magani, ya dube ni ya ce a rage masa mai da gishiri. Tun ranar na daina zuba mai a miya sai ɗan ɗigo. Goggo, yanzu ranar girkina taɓa tuwon yake ya ture, ranar amarya kuwa har kwano sai an suɗe, don ita miyarta mai iyo yake yi a kai. Hajja ta ce na koma girkin asibiti, wai rowa ce, kuɗin cefane nake sokewa. Ina soya ƙosai da fanke a ƙofar gida, a da ragowar man kasko nake ƙarawa a miya, yanzu na rasa yadda zan yi da shi. Galan mai lita 5 da yake sayo mana, ban da na sana'ata, kwana 10 yake yi. Wata maƙwabciya ta ce sai man zaitun, na ji kuɗinsa na ja da baya. Wata ta ce in nemi wanda aka rubuta wa "sans cholestérol", wato babu kwalastarol. In koma yadda nake a da in tsira da mutuncina, ko in daure? Wane mai ne ma mai kyau? Maman Sadiya, Garwa.

Wa alaikumus salam, 'yata Maman Sadiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya bar ku tare.

Inda ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne inda kika ce likita ya dube ki. Ke kaɗai kika ji maganar da kunnenki, ke kaɗai kika ga yadda fuskar mijinki ta koma ranar, sai kika tattara kayan duka kika aza a kanki. Kada ki koma yadda kike a da. Amma hanyar da kika ɗauko ma ba za ta ɓulle ba. Mutumin da ya ture miyarki yau, gobe ya ci mai iyo, jibi ya tsaya wajen mai tsire ya rama yunwar da ya kwana da ita, babu abin da ya ragu a jininsa, darajarki ce kawai take raguwa a gidan. Kuma ki tuna likita cewa ya yi a rage, bai ce a daina ba. Jiki yana bukatar maiƙo, har wasu sinadarai irin bitamin A ba sa shiga jini sosai sai da shi.

Ban ɗauki maganar nan da wasa ba, kuma ina da dalili. Yayana da nake bi, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana zirga-zirga tsakanin Ngaundere da Kuseri. Siririn mutum, ba tumbi ba komai. Da aka ce masa jininsa ya hau kuma maiƙo ya yi yawa a ciki, sai ya shafa cikinsa ya ce ina kitsen yake. Ya sha magani wata ɗaya ya ajiye. Abincinsa na tasha ne, burodi da bota da safe, tsire da tozo da dare. Yana da shekara 53, wata asuba ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce daga hannunsa, ya buɗe baki zai kira matarsa maganar ta ƙi fita. Shekara huɗu ya yi a kwance. Mahaifiyarmu, wadda take kwarara masa man shanu a tuwo duk sanda ya dawo daga tafiya, ita ce ta koma ba shi kunu da cokali, yana zubowa ta gefen baki, ni ina gogewa da haɓar zanena. Idan na matsa miki a wasu wurare, ki yi mini uzuri.

Ɗauko takardar gwajin ki duba. Kwalastarol, wani abu mai kama da maiƙo da ke yawo a jini, ba baƙo ba ne a jiki, jiki ne da kansa, musamman hanta, yake ƙera mafi yawansa, kuma yana da aikinsa. Wanda ake tsoro shi ne inda aka rubuta LDL. Idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, har hanyar ta ƙuntata. Ranar da gudan jini ya toshe ragowar, in a zuciya ne mutum ya dafe ƙirji ya faɗi, in a ƙwaƙwalwa ne ɓarin jiki ya shanye. Kafin ranar ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi, ba ruwansa da ƙiba ko rama. Abin da ya fi ɗaga shi a abinci shi ne maiƙo mai daskarewa, irin wanda kike tarar da ya yi fari a saman romon jiya, domin yana rage wa hanta ƙarfin kwashe LDL daga jini. Maiƙo mai zama ruwa, irin na gyaɗa da riɗi da kifi, idan ya maye gurbin wancan saukar da shi yake yi. Ashe tambaya biyu ce a gabanki: nawa ake ci, kuma wane iri.

Mu fara da galan ɗinku, don shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Lita 5 a kwana 10, rabin lita ke nan kullum, ƙaramar robar ruwa cike. A nauyi giram 460 ne. Raba wa mutum 11, kowa ya tashi da giram 42, cokalin cin abinci uku. Kin kuma san ba a raba miya daidai. Kwanon maigida ake fara zubawa, a kwaso masa saman tukunya inda man ya taru, don haka rabonsa ya kusa ninka na yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta sabunta a 2023, ta ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da babba yake samu daga abinci, mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, wannan ya kama giram 67 na maiƙo gaba ɗaya, a ciki giram 22 kacal na mai daskarewa. Gaba ɗaya fa na ce, da na galan, da na nama, da na gyaɗar miya, da na madara, da na abin da aka ci a waje. Galan kaɗai ya cinye kusan biyu cikin uku, tun ba a sa man kaskonki a lissafi ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma wannan ƙiyasina ne, ba na wata hukuma ba. Galan ɗin nan ya riƙa kai ku kwana 15. Ki samu robar ruwa mai rabin lita, mai tsabta, ta zama ita ce ma'aunin gidan. Kullum da safe a zuba man yini a ciki, wadda ke da girki ta karɓa, a rufe galan a ajiye. Makon farko a cika ta saura yatsa ɗaya. Mako na biyu saura yatsa biyu. A haka a haka har man ya tsaya a biyu cikin uku na robar, wato sulusin lita, kowa ya samu kamar cokali biyu a rana. Ku ba abin wata biyu. Harshe yana sabawa idan aka lallaɓa shi, kuma miyar da ta rasa cokali ɗaya ba wanda zai gane. Abin da ya tona ki shi ne daga tafki kika koma ɗigo a dare ɗaya. Mai da ake tuttulawa daga bakin galan kai tsaye, ba macen da ta san yawansa, komai ƙwarewarta. Yara ƙanana ban sa su a wannan ragin ba: ɗan yaye yana bukatar ɗan mai ko gyaɗa a kununsa, kada a taɓa masa.

Na san abin da Hajja za ta ce, don mahaifiyata ta faɗe shi: mu da man shanu muka tashi, ga mu nan. Gaskiya ta faɗa, kuma kada ki musa mata. Sai dai a tuna yadda aka ci man shanun. Tuwon dawa ne ko na masakuwa, da miyar kuka ko kuɓewa ko lalo ko tafasa, a ɗiga cokali ɗaya a tsakiyar malmala, mutum biyar su sa hannu. Nama sai ranar kasuwa, suya sai da salla ko suna. Wanda ya ci kuma da ƙafa zai tafi gona, matar da ta ci ita za ta yi daka ta ɗebo ruwa. Yanzu a birni shinkafa ce da jar miya, taliya, soyayyen dankali, soyayyen kifi, burodi. Maigidanki babur ne yake ɗaukarsa daga ƙofar gida ya sauke shi a bakin shago, ya zauna kan benci daga hantsi har la'asar sakaliya. Abincin ya ƙara nauyi, aikin ya ragu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka mayar da mai ma'aunin wadata. Miyar da mai bai taso mata ba sai a ce ta talauci ce, amarya da haka ake gwada hannunta, baƙo da haka yake gane an karrama shi. Hajja ba mugunta take yi ba, a idonta man nan ƙauna ce ga ɗanta.

Sai batun iri. Ki kwantar da hankalinki a kan man zaitun. Mai ne mai kyau, mai albarka, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma cokalinsa ɗaya kalori kusan 120 ne kamar kowane mai. Mu nan arewacin Kamaru muna zaune a kan abin da ake nema. Gyaɗar da ake jibgewa a kasuwannin Ngong da Pitowa, mai daskarewar da ke cikin manta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma mafi yawan maiƙonta ɗan'uwan na zaitun ne. Man riɗi da na waken soya wajen kashi 15 ne, daidai da zaitun ta wannan fuskar. Man auduga, irin Diamaor da kamfanin Sodecoton yake yi, wajen ɗaya cikin huɗu ne, shi ma ba laifi. Daga nan sai a hau tudu: manja kusan rabi, kitsen sa kusan rabi, soyayyen man shanu ya haura kashi 60.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Ba duk mai ruwan zinariya ne man gyaɗa ba, ko da yake haka muke kiransa a baki. Da yawa daga galan ɗin da ake kawowa daga kudu manja ne da aka tace aka cire masa ja da wari, kuma mai daskarewar cikinsa ya haura kashi 40. Ki juya bayan galan ki karanta, ko ki ba Sadiya ta karanta miki. In kin ga "palme" ko "oléine de palme", kin san abin da kika riƙe. Ba guba ba ne, amma ga wanda LDL ɗinsa ya hau, gara na gyaɗa ko na auduga ko na waken soya. Shi kuwa "sans cholestérol" da maƙwabciyarki ta faɗa, ba ƙarya aka rubuta ba, amma bai gaya miki komai ba, domin babu man tsiro ko ɗaya da ke ɗauke da kwalastarol, har manja. Dabba ce kawai take da shi. Mai zai iya zama ba shi da kwalastarol a cikin galan, ya shiga jiki ya ɗaga na jini. Abin da ya fi amfani ki nema shi ne alamar an ƙara bitamin A, wanda tun 2011 doka ta wajabta wa tataccen mai a ƙasar nan. Hasken rana yana lalata wannan bitamin, shi ya sa man da aka ɗura a robobin ruwa aka jera a rana tun safe, ba suna ba takarda, ba na ba da shawararsa. Man ƙuli na gida kuwa ina sonsa, in dai a hannun matar da kika sani kike saye, wadda take tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa, domin gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta.

Jan manja yana da alherinsa, jan nan da kike gani shi jiki yake mayarwa bitamin A. Idan aka ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, alherin ya tafi, daskarewar ta zauna. Ki sa shi kaɗan a miyar da ba ta yi sai da shi, kada ki ƙona shi. Akwai kuma wani maiƙo da ya fi duka sharri, wanda masana'anta ke samarwa idan suka daskarar da man ruwa da iskar haidurojin, ana ce masa tarans. Yana ɗaga mugun kwalastarol, wato LDL, ya saukar da ɗaya nau'in kwalastarol ɗin mai amfani. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya take kiran ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Maɓoyarsa wasu nau'o'in botar shafa burodi, da biskit, da kek na kanti. In kin ga "partiellement hydrogénée" a jikin abu, mayar da shi inda kika ɗauko.

Yanzu mu zo kaskonki, kuma a nan zan yi miki magana kamar 'yar da na haifa. Man da aka soya ƙosai da shi tun asuba, aka bar shi a buɗe, da yamma aka sake ɗora shi, gobe aka ƙara sabo a kan tsoho, ba shi ne man da kika sayo ba. Zafi da iska da ruwan ƙullu suna farfasa shi ya koma wasu abubuwa masu cutar da jijiyoyin jini. Ke da kanki kin san alamunsa: ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo a bakin kasko, ya riƙa kumfa da kin saka ƙullu, ya fara hayaƙi tun bai yi zafin kirki ba, ƙosan ya fito da ɗan ɗaci a maƙogwaro. Irin wannan kada ya sake shiga tukunyar gidanku. Kuma 'ya'yan mutane da suke tsayawa da kwanonsu kafin su wuce makaranta amana ce a hannunki, su ma bai dace da su ba.

Na san riba a sana'ar suya ba ta da yawa, ba zan ce ki zubar da mai kullum ba. Ki rage girman kasko ko yawan man da kike zubawa, yadda zai kusa ƙarewa a suyar rana ɗaya ko biyu. Ki riƙa tsame ɓurɓushi da matsami a kai a kai, don su ne suke ƙonewa su ɓata sauran. In kin sauke ya huce, ki tace da farin ƙyalle, ki rufe, ki ajiye a inuwa. Kada wutar ta kai shi hayaƙi, kada kuma ki saka ƙullu man bai yi zafi ba, domin ƙosan da aka saka a mai sanyi shan mai yake yi kamar soso, asara gare ki, nauyi ga mai ci. Ga doguwar suya irin taki, man gyaɗa da tataccen manja sun fi na waken soya da na auduga jure wuta. Wanda ya riga ya mutu kuwa ki tara shi a jarka daban, mata masu haɗa sabulun wanki da soda suna amfani da shi, bai zama asara ba.

Akwai wata tukunya ta uku da ba ki ambata ba, kuma ina zargin ta fi taki da ta amarya. Me maigida yake ci daga fitarsa zuwa dawowarsa? Ki tsaya wata safiya kusa da teburin mai shayi ki gani. A fasa ƙwai uku, a zuba taliya a ciki, a tsiyaya mai a kasko har ƙwan yana yawo, a tsaga burodi a shafe shi da bota ko mayonis, a kora da shayi mai madarar gwangwani. Da azahar a aiko yaro wajen mai nama, a yanka tsoka a haɗa da kitse da tozo da kayan ciki, a yayyafa mai a kai. Mutum zai iya cika ma'aunin yininsa tun bai dawo gida ba. Ki tambaye shi cikin hira, ba da sigar tuhuma ba. In zai yiwu ya karya a gida da kunun gyaɗa ko koko da ƙosai uku na sabon mai ko dafaffen ƙwai, a riƙa aika masa abincin rana. In ya je wajen mai nama ya ce tsoka zalla, kada a zuba mai. Ga kifi Allah ya hore muku, daga Binuwai da Lagdo, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Sau biyu a mako a gasa ko a dafa a miya, ya maye gurbin jan nama. Kifin ƙanƙara na teku, wanda ake kira makaro, maiƙonsa ma alheri ne ga zuciya, in ba a nutsar da shi a kasko ba.

Daɗin miya kuma ki daina neman sa a mai kaɗai. Albasa da yawa, a soya ta a cokali biyu a kan wuta kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi. Daddawa, busasshen kifi, citta, tafarnuwa, masoro. Tumatir a bar shi ya dahu tsamin ya fita kafin a sa mai. Miyar yakuwa da gyaɗa ba ta bukatar wani mai a kai, gyaɗar ta wadatar. Nama mai kitse ki dafa tun dare, da safe ki yaye farin da ya kwanta a sama. Ki dawo da kuka da kuɓewa da zogale da wake su fi jar miya yawa a mako. Abu biyu kawai nake gargaɗinki. Kada ki cike gurbin mai da dunƙulen ɗanɗano, domin hawan jini ya fi jin gishiri a kan mai, kuma dunƙule da kanwa duk dangin gishiri ne. Abin da aka yarda wa babba bai kai giram 5 a rana ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Kada kuma gurbin ya cika da suga da farin burodi da lemon kwalba, in an yi haka ba a ci riba ba. Maganin da likita ya rubuta kuwa ya sha kullum ko yana jin garau. Tafarnuwa da lemon tsami da jiƙo ba sa maye gurbinsa.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in ke kaɗai ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma wanda ya kamata ya buɗe baki shi ne maigidan, don jikinsa ne, gidansa ne. Ki same shi ranar kwananki, bayan ya huta, ba a kan kwanon tuwo ba. Kada ki ambaci amarya ko kaɗan. Ki ce masa: "Alhaji, ni na ji abin da likita ya faɗa, tsoro ya kama ni har na wuce gona da iri, miyata ta daina ciwuwa. Ina so mu gyara tare. Amma maganar nan in daga bakina ta fito za a ce kishi ne, in daga bakinka ta fito doka ce." Ki roƙe shi ya tara ku ya faɗa da kansa, da takardar asibitin a hannunsa, kuma shi zai kawo robar awon ya ce daga yau da ita za a yi girki, ranar kowa.

Amarya kuma ki yi mata kyakkyawan zato. Ba ta je asibitin ba, ba ta ji abin da kika ji ba, abin da ta gani kawai shi ne miji yana cinye abincinta, wace mace ce za ta canja hannu a haka? Ranar komawa asibiti ki ce a tafi da ita, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta. Ki kira ta ki ce, "Ƙanwata, in mutumin nan ya kwanta, ni da ke ne za mu yi jinya, 'ya'yanki ne ma ƙanana." Ki tambaye ta sirrin miyarta, ki nuna mata naki. In kin bari abin ya zama gasar kwano, ke za ki faɗi, shi kuma ya fi ki faɗuwa.

Hajja ba a ja da ita. Ki je ɗakinta da safe ki gaishe ta, ki ba ta haƙuri a kan miyar da ta gabata, ki ce shawararta kike nema: yaya suke yin miyar kuka a da har ake suɗe kwano ba tare da mai ya yi iyo ba? Tsohuwa in aka tambaye ta abin da ta iya, ta zama taki. Kwalbar man shanu kuma a kai ɗakinta, ita za ta riƙa ɗiga wa ɗanta ƙaramin cokali a tuwo ranar Juma'a da hannunta. Ba a raba ta da ƙaunarta ba, an dai sa mata ma'auni. Zargin soke kuɗi kuwa kada ki tsaya rantse-rantse. Galan ɗaya za ku rage a wata, daga uku zuwa biyu. Kuɗin wannan galan a sayo kifi da shi, a kawo gida a buɗe a tsakar gida kowa ya gani, a fara zuba wa Hajja.

In kin ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi masa nauyi, ko magana ta sarƙe, ko ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora dutse yana gumi, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a nufi asibiti a lokacin. In kuwa lafiya ta ci gaba, bayan kamar wata uku likita zai so a sake gwajin. Ki ajiye tsohuwar takardar a inda ba za ta ɓata ba, ki ɗora sabuwar kusa da ita ki duba layin LDL, sannan ki rubuto mini lambobin biyu da kwanakin da galan ya kai ku. Ki gaishe mini da Hajja da amarya, ki shafa kan yara.

Goggonki.